Sundarban, Borniyo, Salum ko Bijagos: wane dajin bakin teku ya cancanci kuɗin jirginka?

Kamfanonin yawon buɗe ido sun san abin da ke jan ido. Hoton da za su nuna maka na Sundarban ta Bangladesh da Indiya damisa ce tana ninƙaya, na Bijagos ta Gini Bisau dorina ce a bakin teku, na tsibirin Borniyo kuwa jan goggon biri ne rungume da ɗansa. Ba ƙarya suka yi ba, dabbobin suna nan. Abin da ba sa faɗa shi ne, a waɗansu wuraren kusan kullum ana ganin dabbar da ke cikin hoton, a waɗansu kuwa shi kansa mai jirgin da zai ɗauke ka yakan daɗe bai sa ta a ido ba. Duk wanda zai kashe kuɗi da kwanakin hutunsa don zuwa dajin mangurof, wannan bambancin ya kamata ya fara sani.

Mangurof itatuwa ne da ke tsirowa a cikin taɓo da ruwan zartsi, inda kogi ke haɗuwa da teku a ƙasashe masu zafi. Waɗansu suna tsaye a kan saiwoyi masu lanƙwasa da suka fito sarari, waɗansu kuma saiwarsu ke tsinkowa daga cikin laka zuwa sama don shaƙar iska, saboda taɓon ba shi da ita. Daji ne mai duhuwa, ba a ratsa shi da mota, da ƙafa ma sai inda aka shimfiɗa gadar katako. Daga cikin jirgi kake kallo, kuma iyakar ganinka layin itatuwan farko. Sannan akwai ruwa, wanda shi ne mai gari a nan: teku na cikowa ta janye kusan sau biyu a kowace rana, lokacin kuma yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Idan ruwa ya ciko, jirgi na iya kutsawa lungunan da ba sa shiguwa, amma taɓo ya rufe. Idan ya janye, jirgi ba ya zuwa ko'ina, amma a lokacin ne filin laka ke cika kamar kasuwa ta ci. Ƙananan ƙaguwoyi ne ke fitowa dubbai, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato yana ɗaga shi yana saukewa. Ga wani ɗan kifi mai idanu a saman kai, yana jan ciki a kan taɓo da fukafukansa, in ka matsa ya yi tsalle biyu ya shige rami. Tsuntsaye masu dogon baki na biye da su, kada kuma na kwance can gefe baki buɗe. Wannan kallon kowane ɗaya daga cikin wuraren huɗu zai ba ka shi. A kan manyan dabbobi ne suka rabu.

Wanda burinsa ya ga dabba da idonsa, ya dawo da hotuna, Borniyo ta fi sauran nesa ba kusa ba. Ɓangaren Malesiya na tsibirin yana da wurare biyu da suka dace da wannan magana. Na farko gandun Bako ne a jihar Sarawak, wanda aka kafa a 1957, shi ne mafi daɗewa a jihar, kuma ƙarami ne ƙwarai, murabba'in kilomita 27 kacal. Daga birnin Kuching mota ce ta ƙasa da awa guda zuwa ƙauyen Bako, sai ƙaramin jirgi na kimanin minti 20. In an isa ruwa ya janye, cire takalmi ake yi a taka ruwa zuwa tudu. Ƙanƙantar wurin ita ce ribarsa, domin dabbobin sun saba da mutane tun shekaru aru-aru. A da, aladen daji masu gemu kan yi kiwo a gaban ɗakunan kwana, ƙananan birai masu dogon wutsiya kuma ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, jakar da ka ajiye ka juya baya ta zama tasu.

Amma abin da ake zuwa gani shi ne birin nan mai dogon hanci, wanda ba a samun sa a ko'ina a duniya sai Borniyo. Namijin ya kai kilo 20, ja ne a kai da kafaɗu, hancinsa ya zubo har ya wuce baki, ga tulun ciki a gaba. Cikin ba na ƙiba ba ne, ɗakuna ne da ke narkar da ganye, wanda shi ne yawancin abincinsa. Namiji ɗaya ke tafe da mata da 'ya'ya. Ɗabi'ar da ta sa ganinsu ya yi sauƙi ita ce, da yamma sukan dawo itatuwan bakin ruwa su kwana. Kana zaune cikin jirgi an kashe inji, sai ka ji reshe ya girgiza, uwa ta ɗaga hannuwa ta faɗo daga sama da ɗa manne a cikinta, ta dira a wani reshen da ƙarar da za ka ɗauka ya karye. Wani lokaci ruwa suke faɗawa su haye, don gwanayen ninƙaya ne, da 'yar fata a tsakanin yatsun ƙafa.

Wuri na biyu shi ne kogin Kinabatangan a jihar Sabah, mai tsawon kilomita 560, na biyu a Malesiya. Daga Sandakan ake zuwa, a sauka a masaukan da ke Sukau, Bilit ko Abai, a riƙa fita da jirgi da asuba da la'asar. Nan ne ake haɗuwa da orangutan, wato jan goggon birin nan, a dawa ba a keji ba, da ƙananan giwayen Borniyo in an taki sa'a, da kadoji, da dangin cilakowa har iri takwas. Akwai abu biyu da ya kamata a faɗa. Na ɗaya, Sukau da Bilit ba mangurof ba ne, dajin kogi ne na ruwan daɗi. Mangurof na can ƙasa wajen bakin kogin, don haka wanda ya damu da shi ya nemi a kai shi ta ruwa daga Sandakan zuwa Abai, ba ta titi ba. Na biyu ya fi ɗaci. Dabbobin suna ganuwa ne saboda an matse su. Gonakin kwakwar manja sun cinye dajin har ya rage siriri a gefen kogi, a waɗansu wuraren kana hango layin kwakwa ta bayan itatuwa. Kuma ba kai kaɗai ba ne: da zarar wani ya hango giwa, labari ya bazu ta waya, jirage su yi cincirindo a wuri ɗaya.

Sundarban kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Ita ce dajin mangurof mafi girma a dunƙule a duniya, kimanin murabba'in kilomita 10,000, inda kogunan Ganges, Brahmaputra da Meghna ke zuba cikin Tekun Bengal. Kusan kashi 60 cikin 100 na Bangladesh ne, saura na jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Indiya cikin wuraren gado na duniya a 1987, na Bangladesh kuma a 1997. To, ga lissafin damisa. Ƙidayar da Bangladesh ta fitar a 2024 ta nuna 125, daga 114 a 2018. Raba murabba'in kilomita 6,000 da wannan adadi, kowace damisa ɗaya na da fili kusan 50, cikin duhuwar da ba ka iya gani ko taku goma. Abin da ake yawan gani sawunta ne a kan laka, sabo, ruwa bai gama cika shi ba. Wanda ya ƙudurta sai ya ga damisar Bengal ya nufi busassun gandayen Indiya irin su Bandhavgarh, Kanha ko Ranthambore, inda ake bin ta da mota. Zuwa Sundarban don damisa kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

Duk da haka, a ganina, babu wurin da ya kai ta sa mutum ya ji ya shiga daji na gaske. A Bangladesh daga Khulna ko Mongla ake tashi, galibi tafiyar kwana uku, a jirgin ake ci a jirgin ake kwana. Ana gangarawa kudu zuwa wurare irin su Katka da Kochikhali, kuma duk inda za a taka ƙasa akwai ma'aikatan gandun daji da bindiga, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba ado ba ne. Damisar nan na kashe mutane, musamman masunta da masu ɗiban zuma da ke shiga daji wajen Afrilu da Mayu, har a ɓangaren Indiya aka taɓa gwada ɗaura fuskar roba a ƙeya, tunda ta baya take kai hari. Mafi daɗin tafiyar shi ne fitar asuba: a bar babban jirgi, a shiga ƙaramin kwalekwale na tuƙin hannu, a kutsa wata siririyar hanyar ruwa cikin hazo, kowa ya yi tsit. Barewa masu ɗigo-ɗigo na tsintar ganyen da birai ke yarwa daga sama. Tsuntsaye masu kamun kifi, shuɗi da ja da ruwan ƙasa, suna wulgawa. A manyan koguna kuma akwai dolfin iri biyu, na Ganges da na Irrawaddy, waɗanda aka ware wa wuraren kariya a 2012. Sanin cewa akwai abin da ke iya kallonka alhali kai ba ka ganinsa shi ke sa tsikar jiki tashi, kuma wannan Bako ba ta da shi.

Tsakanin ɓangarorin biyu, na Indiya ya fi sauƙin kaiwa: 'yan awanni daga Kolkata zuwa Godkhali, sai jirgi. Amma a can yawanci a ƙauyukan gefen daji ake kwana, a shiga da safe a fito kafin duhu, kuma ba a sauka sai a hasumiyoyin kallo da aka kewaye da waya, irin na Sajnekhali, Sudhanyakhali da Dobanki. Na Bangladesh ya fi zurfi, ya fi ba da damar taka ƙasa. Sai dai a kula da irin jirgin. Akwai manyan jiragen shaƙatawa masu ɗaukar mutane da yawa, da kiɗa da lasifika, waɗanda kafin su iso duk mai rai ya gudu. A tambayi adadin fasinja kafin a biya.

Salum ta Senegal ba ta gasa da waɗannan biyun wajen manyan dabbobi, kuma ba ta yi alkawarin haka ba. Wurin tsuntsaye ne da mutane. An kafa gandun a 1976 da faɗin hekta 76,000, inda rassan ruwa uku, Salum, Diombos da Bandiala, suka bazu cikin ɗaruruwan lunguna. Ruwan sama a yankin kaɗan ne, teku ce ke tura ruwa ciki, har ya zama gishiri ya fi yawa can sama da a bakin teku. Shi ya sa itatuwan gajeru ne, sararin sama a buɗe, ido na kaiwa nesa, abin da mai kallon tsuntsaye ke so ke nan. Akwai kwasakwasa, filamingo, zalɓe iri-iri har da mafi girmansu a duniya, da shaho mai kamun kifi da ke zuwa daga Turai ya yi sanyin hunturu a nan. Kusa da Toubacouta akwai wani ɗan kurmin mangurof a tsakiyar ruwa da tsuntsaye ke kwana, ana zuwa da kwalekwale dab da magariba a zauna a jira: sukan fara zuwa ɗaiɗai, sannan gungu-gungu, har itatuwan su koma fari. A Palmarin kuma, da yamma, kuraye kan fito daga cikin mangurof, abin da da wuya ka gani a wani wuri.

Abin da Salum ta fi kowa shi ne tarihi. UNESCO ta karɓe ta a 2011 a matsayin wurin da ɗan Adam ya siffanta da hannunsa: akwai tsibi 218 na ɓawon kifin kwanso da mutane suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, 28 daga ciki da kaburbura. Waɗansu sun zama tsibirai sosai, har manyan kukoki sun tsiro a kai, kamar Diorom Boumag. Kana tafiya, ƙasar na ƙara a ƙarƙashin takalminka, ka duba ka ga ba ƙasa ba ce. Sana'ar kuma ba ta mutu ba, har gobe matan Serer Niominka na fita in ruwa ya janye su ɓamɓaro kawa daga saiwoyi. Tafiyar ma mai sauƙi ce: 'yan awanni a mota daga Dakar, gadar Foundiougne da aka buɗe a 2022 ta ƙara rage wahala, ruwan lungunan a kwance yake, a tudu ake kwana. Mai tafiya da yara ko dattijo, ko mai tsoron ruwa, nan ya fi masa. Faransanci ko Wolof kaɗan zai taimaka. Gandun Fathala da ke kusa, inda ake nuna raƙumin dawa da karkanda, kewayayyen wuri ne da aka kawo yawancin dabbobin daga waje, kada a haɗa shi da Salum ɗin kanta.

Sai Bijagos a Gini Bisau, tsibirai 88, kusan 20 kawai ke da mazauna na dindindin, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2025. Ita ce mafi wahala a cikin huɗun, ita ce kuma mafi ƙarancin baƙi. Daga Bisau zuwa tsibirin Bubaque awanni ne a ruwa, jirgin kuma yanayin teku ke sa masa lokaci. Daga nan kowane tsibiri sai ka yi shatar jirgi, man fetur kuma shi ke cinye kuɗin, don haka mutum ɗaya ko biyu za su ji a jika, ayari ya fi. Harshen aiki Fotugis ne da Kiriyol. Abu biyu ke kai mutane can. Dorinar tsibirin Orango, masu shiga ruwan gishiri suna ƙetarawa tsakanin tsibirai, waɗanda ake samu a tafkin Anor bayan an sauka an yi tattaki cikin ciyawa, galibi daga ƙarshen damina zuwa farkon sabuwar shekara. Sai kuma Poilão, ɗan tsibiri mai tsarki a wurin mutanen Bijago, wanda shi ne wuri mafi muhimmanci a Afirka da koren kunkurun teku ke yin ƙwai, ramuka dubbai a kowace kaka. Da dare uwar ke fitowa, tana jan jiki tana huci, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da ɗari, ta rufe, ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ɓullo su ruga ruwa. Ana buƙatar izinin hukumar IBAP mai kula da gandayen ƙasar, mutane kaɗan ake bari, a tanti ake kwana. Matsalar ita ce tsakiyar lokacin, Agusta zuwa Oktoba, ya faɗo cikin damina, sa'ad da teku ta fi fushi. A kuma duba halin siyasar ƙasar kafin a sayi tikiti, don ba ta cika zama lafiya ba.

Sau da yawa kalanda ce ke yanke hukunci, ba sha'awa ba. Wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, Sundarban da Salum ne a gabansa. A wannan lokaci Sundarban ba zafi, ruwa a kwance, Salum kuma baƙin tsuntsaye sun iso. Amma a daidai wannan lokaci ne ruwan sama ya fi yawa a arewacin Borniyo, tekun Bako kan yi hauka har a dakatar da jirage. Daga Maris zuwa Oktoba Borniyo ce, ko da yake can babu watan da ba a ruwa. Sundarban ta Bangladesh a rufe take ga baƙi daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Agusta don kifi da dabbobi su hayayyafa, kuma kafin damina da bayanta lokacin guguwa ne: Sidr a Nuwamba 2007, Aila a Mayu 2009, Amphan a Mayu 2020, Remal a Mayu 2024. Wajen lafiya kuwa, sauro babu inda ba ya nan. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfi a Gini Bisau da kudancin Senegal, Sabah kuma na da wani nau'i da sauro ke ɗaukowa daga birai. Gini Bisau na neman katin rigakafin shawara. Kuma a Sundarban da Borniyo ba a wanka a kogi, ba a ma tsoma hannu daga jirgi, domin akwai kadan ruwan gishiri, wanda shi ne mafi girma a duniya.

In za a tambaye ni, wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba ya fara da Borniyo, kwana biyu a Bako da uku a Kinabatangan, ya kwana a Bako ɗin kada ya yi zuwa da dawowa, domin baƙin yini suna isa bayan birai sun shige ciki, su tafi kafin su dawo. Ɗakunan ba na alfarma ba ne, kuma suna cika da wuri. Wanda ya riga ya ƙoshi da ganin dabbobi, yana neman daji ne mai kwarjini, ya tafi Sundarban ta Bangladesh a ƙaramin jirgi. Mai madubin hangen nesa da littafin tsuntsaye, ko mai iyali, Salum. Bijagos ta mai lokaci ce da haƙuri, wanda in aka ce masa jirgi sai gobe ba zai ɗaga hankali ba.

Ko ina aka zaɓa, akwai tambayoyin da ke tona asirin kamfani tun kafin a biya. Ana ciyar da dabbobi don su fito? A Langkawi ta Malesiya an daɗe ana watsa wa shaho fatar kaza daga jirage, a Labuk Bay kusa da Sandakan kuma a kan dandamali ake ajiye wa birai masu dogon hanci abinci. Hoto zai yi kyau, amma ba kallon dawa ba ne. Ana kashe inji in an iso kusa da dabba, ko akwai injin lantarki? Ɗan jagora ɗan yankin ne? Akwai rigar kariya daga nutsewa ga kowa, har da ta yara? Wajen kunkuru, da jar fitila ake aiki, don farin haske na mayar da uwa ruwa ba ta yi ƙwai ba, yana kuma ɓatar da 'ya'yan. Sannan a ce su turo jadawalin cikowa da janyewar ruwa na kwanakin da za a je. Ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa a tsayuwar wata da tsakiyarsa, lokacin ne filin laka ya fi faɗi. Wanda kuma yake son ganin ƙwarin nan masu walƙiya da ke taruwa a itatuwan mangurof na Malesiya, a Klias ko Kuala Selangor, suna kunnawa suna kashewa a tare, sai ya sa tafiyarsa a daren da babu farin wata.